Kamfani Uku, Kafinta Ɗaya

Dokar saye ta hukumar garin ta ce duk abin da za a saya da kuɗin jama'a, in dai ya fi ƙarfin tsintsiya da bokiti, sai kamfani uku sun yi tayin farashi, kowa da ambulan ɗinsa a liƙe, sannan a ba mai rahusa. Wanda ya rubuta dokar, ko wane ne shi, so yake a yi gasa. Kafinta mutum ne mai girmama doka. Shekara goma sha takwas ke nan yana gasa da kansa, kuma bai taɓa faɗuwa ba.

Kamfanoninsa uku suna zaune lafiya a cikin wani gwangwanin ƙusoshi, a kan kantar sama ta shagonsa. Hatimi ne guda uku: ɗaya mai da'ira, ɗaya mai kusurwa huɗu, ɗaya mai siffar ƙwai. Mai da'irar nasa ne. Mai kusurwar an yi masa rajista da sunan kawunsa, tsohon ma'aikacin gidan ruwa wanda kunnuwansa suka riga shi yin ritaya da shekara biyar. Mai siffar ƙwan kuwa na matarsa ne, ko da yake ita ba ta da labari. Wata rana ce ya miƙa mata takardu tana tsakiyar yanka yadi, ya ce na makarantar yara ne, ta sa hannu ko almakashin ba ta ajiye ba.

Duk sanda hukuma ta buƙaci tebur ko benci ko ƙofa, sai Kafinta ya share bakin teburin aikinsa ya rubuta tayi uku. Nasa da baƙin biro. Na matarsa da shuɗi, ya ɗora kashi bakwai cikin ɗari a kan nasa. Na Kawu da hannun hagu, ya ɗora kashi goma sha biyar, domin a ganinsa dattijo bai kamata ya yi araha ba.

Akwai kuma sashen da ya ce a liƙa sanarwar aiki a wurin da jama'a suke shiga. Jami'in Saye, wanda shi ma mai bin doka ne, yana liƙa ta a bayan ƙyauren ofishinsa, ƙyauren da yake wuni a buɗe, jingine da bango. Jama'a ta nan suke shiga, wannan ba ƙarya ba ne.

A 'yan shekarun nan kuwa, duk wannan ɗawainiya saboda mutum ɗaya ake yin ta. A ƙetaren titi, daidai saitin shagon Kafinta, akwai wani da ake kira Mai Inji, wanda ya buɗe shago shekara shida da suka wuce da zarto mai aiki da lantarki. Abin da Kafinta yake wuni yana yankawa, injin nan kafin shayi ya huce ya gama da shi. Masu gadon aure sun koma can, masu makarantu sun koma can. Hukuma kaɗai ta rage wa Kafinta, kuma ya sani sarai ranar da Mai Inji ya sa ƙafa ɗaya a wannan ofis, shi sai dai ya koma gyaran ƙotar gatari. Ga shi yanzu babban aiki ya taso: kujera ɗari da ashirin na zauren majalisa, bayan kansiloli sun karairaya tsofaffin a wani zama da aka yi kan haɗin kai.

Ran Litinin da hantsi Jami'in Saye ya shigo shagon, ya zauna a kan wani benci da ba a gama ba, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Kafinta ya san duk ranar da hular nan ta sauka, ba alheri.

"An kawo mana lauya," in ji Jami'in Saye.

"Subhanallahi. Wa ya yi laifi?"

"Ba wanda ya yi laifi. Aiki aka turo ta. Yarinya ce ƙarama, da tabarau. Kafinta, karatu take yi. Littafin dokar nan da muke tokare taga da shi, ta zare shi ta karanta daga bango zuwa bango. Har shafukan da suka manne da juna ta sa wuƙa ta raba. Ko gaishe ta ka yi, sai ta ce sashe nawa."

"To, ta yi ta karatunta mana. Mu ai a kan doka muke."

"Ta ce ranar buɗe akwatin tayi, wato ran Laraba, kowane mai kamfani sai ya zo da ƙafarsa, da katin shaidarsa."

Kafinta ya ajiye guduma. "Sabuwar doka ce?"

"Tsohuwa ce. Karantawar ce sabuwa."

Kawu ba matsala ba ne. Kafinta ya je ya same shi, ya yi ta ihu a kunnensa na dama har maƙwabta suka leƙo, ya koya masa cewa duk wanda ya dube shi ran Laraba ya ce "Ga ni!" Kawu ya haddace, ya kuma nemi a kawo shi a mota.

Matar ce aiki. Ita tela ce, tana ɗinki a ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, kuma da ya shigo da yamma ya same ta durƙushe a ƙasa, ta shimfiɗa yadi a kan tabarma tana zana shi da alli. Shekara ashirin da biyu tana auren kafinta, a ƙasa take yanka.

"Maman yara, sannu da aiki. Ran Laraba kina da abin yi?"

"Kullum ina da abin yi. Me ya faru, yau har da sannu?"

"Ɗan rakiya za ki yi mini zuwa hukuma. Ba wani abu ba ne. Suna so su ga fuskar masu kamfani."

"To ka kai musu taka."

"Har da taki. Kina da kamfani."

Ta ɗago, allin yana hannunta. "Ina da me?"

Ya zauna a bakin ƙofa ya yi mata bayani, a taƙaice, irin yadda ake gaya wa mara lafiya sakamakon gwaji. Ya nuna mata cewa abin duk takarda ne. Za a kira ta, ta ce ga ni, a karanta farashi, nata ya fi nasa tsada, ta faɗi, su dawo gida.

"Tun yaushe nake faɗuwa?"

"Shekara goma sha takwas."

"Ban taɓa ci ba? Ko sau ɗaya?"

"Haba, Maman yara. Ai ba don ci aka yi ki ba."

Da a ce Kafinta yana karanta fuskar matarsa kamar yadda yake karanta jijiyar katako, da ya nemi wata dabarar tun a daren. Amma ita sai ta sunkuya ta ci gaba da zanenta, ta ce, "To, Allah ya kai mu Larabar."

Ɗakin buɗe tayi yana hawa na biyu, da dogon tebur wanda Kafinta ya ƙera da hannunsa, da fanka mai fiffike biyu. Akwatin tayin yana da kwaɗo biyu, domin doka ta ce mutum ɗaya kada ya iya buɗe shi. Makullin ɗaya ya ɓace tun zamanin shugaban hukuma na shekaranjiya, saboda haka ta baya ake buɗewa, a kwance ƙusoshin marfin. Lauya ta tsaya tana kallon wannan aiki, ta rubuta wani abu a littafinta, Jami'in Saye ya share gumi.

Matar Kafinta ta zo da shigar da ta ɗinka wa kanta ba ta taɓa sawa ba. Kawu ya zauna a gefenta, yana ganin Lauya ta dubo wajensa ya ce, "Ga ni!"

"Sannu, Baba. Ba a zo kanka ba tukuna."

"Ga ni!"

Aka duba katunan shaida, aka yage ambulan uku, aka karanta. Komai ya tafi yadda aka saba: mai da'ira ne a ƙasa, mai ƙwai a tsakiya, Kawu yana can sama abinsa. Jami'in Saye ya riga ya miƙa hannu zai taya Kafinta murna, sai Lauya ta ce a dakata. Ta lashi yatsa, ta fara juya shafi.

"Sashe na arba'in da ɗaya, sakin layi na biyu," in ji ta. "Idan kamfani mallakar mace ne, kuma farashinsa bai haura mafi rahusa da fiye da kashi goma cikin ɗari ba, shi za a ba aikin. Nata ya haura da kashi bakwai." Ta cire tabarau ta dubi matar. "Mama, ina taya ki murna."

Kafinta ya dubi Jami'in Saye. Jami'in Saye ya dubi fanka.

"Ranki ya daɗe," in ji Kafinta, "wannan sashe yaushe aka sa shi?"

"Shekara tara ke nan."

Wato shekara tara matarsa tana cin kowace kwangila a garin nan, ba wanda ya gaya mata. Ita ma ta yi wannan lissafin, ya ga lokacin da ta gama shi a fuskarta.

"Saura abu ɗaya," in ji Lauya. "Na ga adireshin kamfanin nan biyu gida ɗaya ne. Mene ne tsakaninku?"

"Mijina ne," in ji matar.

"Wannan dattijon fa?"

"Ga ni!" in ji Kawu.

Lauya ta bar Kawu, ta koma kan matar. "Mama, ki gaya mini gaskiya. Kun zauna da mijinki kun haɗa baki a kan farashi?"

"'Yar nan, shekara ashirin da biyu muna tare, mutumin nan bai taɓa gaya mini farashin komai ba. Ko takalmi ya saya na tambaya, sai ya ce an yi masa sauƙi."

Wata akawu da ke rubuta bayanin zaman ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna rawa. Lauya ba ta yi dariya ba. Ta juyo ga Kafinta.

"Bari in bayyana maka, Malam. Idan kamfanin nan na matarka ne da gaske, ita ke juya shi, ba ka da ta cewa a ciki, to aiki nata ne, an gama. Idan kuwa sunanta kawai ka ara, wannan maguɗi ne. Sashe na hamsin da shida: a soke tayin, a hana ku duka uku aikin hukuma shekara biyar, a sake sanarwa. Wannan karon kuma ni zan liƙa ta, a bakin titi. Wanne ne a ciki?"

A zuciyarsa Kafinta ya hango Mai Inji tsaye a bakin titi yana karanta sanarwa da yatsa. Ya hango kujera ɗari da ashirin suna fitowa daga ƙetare, ana loda su a mota a gaban idonsa, yana zaune yana fiƙe fensir.

"Nata ne," ya ce.

"Ba ka da ta cewa a ciki?"

"Ba ni da ita."

"Ko kaɗan?"

"Ranki ya daɗe, ko a gida ba ni da ita."

Aka rubuta, ya sa hannu, akawu ta sa hannu a matsayin shaida. Lauya ta ba matar takardar kwangila, ta haɗa mata da sabon kwafin littafin doka kyauta, ta ce ya kamata kowane ɗan kwangila ya mallaki nasa. Matar ta karɓa da hannu biyu.

A hanyar gida Kafinta ya sake yin lissafi, hankalinsa ya ɗan kwanta. Da sunansa, da sunan matarsa, ai duk gida ɗaya ne, har ma an samu ƙarin kashi bakwai. Suna sauke Kawu, Kafinta ya miƙa wa matar hannu.

"Kawo takardar in adana. Gobe zan je wurin masu katako."

"Wace takarda?"

"Ta aikin mana."

"Baban yara, ɗazu-ɗazu ka rantse a gaban hukuma ba ka da ta cewa. So kake in mayar da kai maƙaryaci? Hatimina ma, in mun je ka ɗauko mini. Ka goge shi, na ji an ce cikin ƙusoshi yake kwana."

Kwana biyu ba ta taɓa keken ɗinki ba. Tana zaune da littafin nan, tana ja wa wasu layuka alli. Ran Asabar Kafinta ya fito zai buɗe shago, ya ga mutane sun taru a jikin katangar gidansa, ta wajen titi. Farar takarda ce babba, da rubutu manya-manya: kamfanin kaza yana neman ƙwararrun kafintoci su yi tayin ƙera kujera ɗari da ashirin, a kawo a ambulan a liƙe kafin azahar ɗin Alhamis. A ƙasa ga hatimi mai siffar ƙwai, an buga shi sau biyu don kada a yi shakka. A sahun gaba, Mai Inji ne yake karantawa da yatsa.

"Maƙwabci, barka da asuba!" in ji Mai Inji. "Ashe Madam babbar 'yar kwangila ce? Ka ɓoye mana. Don Allah ka sa mini baki a wurinta."

Kafinta ya koma cikin gida da sauri har yana tuntuɓe da bokiti.

"Maman yara, mene ne wannan a jikin bangona?"

"Sanarwa. Ni tela ce, ban iya kujera ba, dole in ba wani. Kuɗin jama'a ne kuma, ba zan ba kowa a ɓoye ba."

"Wani? Ga ni a gidan! Gado ɗaya muke kwana!"

"To ka yi tayi. Ba a hana kowa ba. Amma ambulan ɗaya, Baban yara. Na san rubutunka na dama, na san na hagu."

"Nawa kike ganin shi wancan zai..."

Ta ɗaga littafin. "Sashe na ashirin da uku. Daga fitar sanarwa zuwa buɗe akwati, ba na magana da mai tayi a kan tayi. In hirar gida ce, bismillah. Gishiri ya ƙare."

Kwanaki biyar ɗin da suka biyo baya, gidan ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ƙofar kabad da take rataye da ƙusa ɗaya tun haihuwar autansu ta miƙe. Tagar kicin ta fara rufuwa. Gadon da aka tokare da bulo ya samu ƙafa ta huɗu. Ran Talata kuma Kafinta ya shigo ɗakin ɗinki da teburin yanka, dogo, mai faɗi, an goge shi sumul, da aljihu biyu na zuba zare. Ta zagaya shi sau biyu, ta shafa, ta ja aljihun ta mayar.

"Ashe ka iya," ta ce.

"Na daɗe da niyya."

"Na sani. Amma fa in kyauta ce daga mai tayi, doka ta ce in mayar. In kuwa miji ne ya yi wa matarsa, sai in ce Allah ya saka. Wanne ne?"

"Miji ne," in ji Kafinta.

"To Allah ya saka da alheri. Ba ruwansa da kujeru."

Ya nemi Jami'in Saye ko zai ba da shawara, aka ce ya ɗauki hutu. Ya bi ta wurin babbar 'yarsu ko za ta leƙa masa ambulan ɗin Mai Inji, ta ce ita ce sakatariyar kamfanin, kuma za ta yi kamar ba ta ji ba saboda shi mahaifinta ne.

Da ya ga ba hanya, ran Laraba ya zauna ya yi abin da rabonsa da yi tun yana saurayi: ya tambayi kansa nawa ake ƙera kujera. Shekara goma sha takwas farashinsa daga fuskar Jami'in Saye yake fitowa. Ya faɗi adadi, in gira ba ta motsa ba ya ƙara. Yanzu sai ga shi da ma'auni da fensir, yana auna katakon da kujera ɗaya take ci, da ƙusa, da gam, da fenti. Da ya ga abin da ya fito, sai da ya nemi wuri ya zauna. Ya sake yi, ya sake samun haka. Ya ji tausayin hukuma na kamar minti ɗaya, sannan ya tuna da injin ƙetare, ya ƙara rage wani abu.

Ran Alhamis bayan azahar aka buɗe tayi a ɗakin ɗinki. Akwatin, gwangwanin maɓallai ne. Masu tayi uku suka zauna a jere a kan benci: Kafinta, da Mai Inji, da wani mai ƙera gadaje daga wata unguwa wanda ya zo ne musamman don ya ba da labari. 'Yar ta yage ambulan, uwar ta karanta. Mai gadaje ne a sama. Mai Inji ya yi ƙasa sosai, har yana murmushi yana kaɗa makullin babur. Sannan aka karanta na Kafinta, makullin ya daina kaɗawa.

Ya ci. Ya ci da gaske, a gaban mutane, da abokan gasa masu numfashi. Wani abu ya taso masa a ƙirji wanda bai san da shi ba. Ya miƙe tsaye, ya gyara riga, ya juya zai yi wa Mai Inji ta'aziyya.

"A dakata," in ji matarsa. Ta lashi yatsa.

Kafinta ya san wannan lasar yatsan. Ya koma ya zauna.

"Sashe na talatin. Mai ba da aiki ba zai ba mijinsa, ko matarsa, ko ɗansa, ko wanda suke ci a tukunya ɗaya ba. Malam, mene ne tsakaninmu?"

"Maman yara! Wannan sashen na ma'aikatan hukuma ne!"

"Kamfanina ya ara. Ka san aro, ai kai ka koya mana. An cire tayinka."

"Tun farko kin san da shi, kika bar ni na wahala?"

"Ba ka tambaya ba. Da ka tambaya ma, sashe na ashirin da uku."

Mai gadaje ya toshe baki da hula. Mai Inji kuwa ya miƙe, fara'a har kunne, yana goge hannu a wando.

"Madam, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ba a yi mace mai adalci irinki ba. Maƙwabci, ka yi haƙuri, haka kasuwa take. In aiki ya yi mini yawa zan turo maka goge-goge."

Kafinta bai ji ƙarshen maganar ba. Yana kallon ƙasa, yana tunanin ko wane gari ne ba a san shi ba.

"Kai ma zauna," matar ta ce wa Mai Inji. Ta juya shafuka baya. "Sashe na goma sha biyu. In tayin da ya inganta bai kai uku ba, an soke gasar. Da ku uku ne. An cire ɗaya. Sakatariya, saura nawa?"

"Biyu, Mama."

"To an soke. Mun gode da zuwa, Allah ya huta gajiya."

"Wannan ai wasa da hankali ne!" in ji Mai Inji. "Kwana uku na rufe shago ina lissafi!"

"Akwai sashen ƙorafi. A rubuce ake kawowa, kwafi uku."

Mai Inji ya fita yana faɗa har titi, mai gadaje ya bi shi yana dariya, ya samu abin da ya zo nema. Aka bar Kafinta a kan benci shi kaɗai.

"Yanzu sai yaya?" ya ce a hankali. "Kwana arba'in hukuma ta ba ki. Kujerun da kansu za su ƙera kansu?"

"Kamfani zai yi aikinsa da kansa. Na duba littafin nan gaba da baya, bai hana ni ɗaukar miji aiki ba, kwangila kawai ya hana. Muna neman kafinta ɗaya, mai kayan aikinsa da wurin aikinsa. In kana sha'awa ka rubuto. Gobe ƙarfe takwas ake ganawa."

Ta taga Kafinta yana hango Mai Inji a ƙofar shagonsa yana bayani da hannu biyu, ba kujera ko ɗaya a gabansa. Ya tambayi 'yarsa ko tana da farar takarda.

Washegari ƙarfe takwas saura ya buɗe shago, ya share, ya sa riga mai tsabta. Ta zo da jakarta da tabaran da take sa zare a allura da shi, ta zauna a kan kujerarsa, wadda ba wanda ya taɓa zama a kai sai shi. Shi yana tsaye. Ta karanta takardarsa har ƙarshe, ta gyara masa kuskure biyu.

"Ka taɓa aikin katako?"

"Shekara talatin da ɗaya, ranki ya daɗe."

"Kana zuwa aiki a kan lokaci?"

"Ina zuwa."

"In an ce ka yi abu yau, shekara nawa yake ɗaukar ka?"

"An daina wannan."

"Za mu gani. Wata uku na gwaji ne." Ta rubuta, sannan ta dube shi ta saman tabarau. "Tambaya ta ƙarshe. Me ya raba ka da wurin aikinka na da?"

Kafinta ya dubi shagon, da zarton da ke rataye, da tulin katakon da aka sauke da sassafe da sunan kamfaninta. Ya yi ajiyar zuciya.

"Mai wurin ne sakarai," ya ce.

Ta rubuta wannan ma, ta ja masa layi, ta ce ya fara da ƙafafun.